Hoton Laka Da Abin Da Ya Rage Gare Mu

Akwai tambaya guda wadda dangin wanda ya karye a gadon baya su kan yi wa likita, watau ko zai sake takawa. Shekaru da dama likita ba shi da abin dubawa sai hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano a Jamus cikin 1895. Hoton nan kuwa ƙashi ya ke nunawa. Ita lakar da ke kwance ciki, wadda ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ba ta fita.

Ya kamata malamai su fahimci tushen maganar. Manyan zaruruwan jijiya suna da wani farin kube mai kitse da ya naɗe su ninki bisa ninki, kamar yadda roba ta ke rufe wayar lantarki. Rudolf Virchow shi ya sa masa suna mayalin cikin 1854. A zare mai kube saƙo ya kan yi gudun mita 120 cikin daƙiƙa guda, a marar kube kuwa da ƙyar ya wuce mita 2. To, in laka ta bugu, waɗansu zaruruwa su kan tsinke, waɗansu kuwa suna nan, kuben ne kaɗai ya saɓule, sai saƙo ya yi nawa ko ya tsaya. Bambancin nan ba ƙarami ba ne, gama jiki ya kan iya mayar wa zare kube, amma zaren da ya tsinke cikin laka ba ya sake haɗewa. Jijiyar hannu da ta ƙafa su ne su kan sake toho, kimanin inci guda a wata.

Cikin 1973 Paul Lauterbur na Amurka ya nuna yadda za a ɗauki hoton cikin abu da maganaɗisu, shi ne asalin na'urar da likitoci ke kira MRI. Shi da Peter Mansfield na Ingila suka sami kyautar Nobel saboda haka cikin 2003. Na'urar tana nuna kumburi da zubar jini cikin laka, amma hotonta na yau da kullum ba ya rarrabe hasarar kube da hasarar zare. Cikin 1994 Alex MacKay da abokan aikinsa a Kanada suka nuna dabara: ruwan da ke maƙale tsakanin ninkin kuben amonsa ya kan ɗauke da sauri fiye da na sauran ruwan jiki, in an auna shi sai a kimanta yawan kuben da ya rage. Har yanzu dabarar ta fi yawa a hannun masu bincike.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, lalle gwamnati ta sa na'urorin nan a manyan asibitoci, amma kada ta sayi doki ta manta da mahayi. Sai da lantarki tsayayye, da masu gyara, da yaran da suka ƙoshi da lissafi da kimiyya tun daga makaranta. Wannan kuwa aikin malamai ne.

Sa'an nan mu sani, hoto nuni ya ke yi, ba ya ɗori. Laka da yawa ba a wurin haɗarin mota ta ke ƙarasa lalacewa ba, sai a hannun masu taimako, sa'ad da aka ja mutum ta hammata aka lanƙwashe shi cikin mota. Wanda ya yi haɗari, ko ya faɗo daga bisa itace, ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ƙafafunsa sun mutu, kada a zaunar da shi. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a nufi asibiti. Kada a kai shi wurin mai ɗori a yi ta murza.

Muna roƙon kowane malami ya koya wa ajinsa wannan, kowane malamin hakimi ya karanta wa direbobi da masu unguwa. Allah Ya kiyashe mu, amin.