Wa ke ƙidaya injinan ban ruwa na fadamun Faskari?

Duk lokacin da aka tashi maganar ruwan noman rani tsakanin Katsina, Zamfara da Sakkwato, madatsu ake lissafawa: Bakolori da aka kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara, mai cin ruwa kubik mita miliyan 450, Goronyo a kan Rima, mai miliyan 942, sai Zobe ta Dutsin-Ma da Jibiya a kan gulbin Gada. Injiniya zai ɗauki faɗin filin da aka tsara wa kowace madatsa, ya ninka da abin da shuka ke sha, ya ƙara wanda rana ke zuƙewa, ya ce ga ruwan da za a buƙata nan da shekara ashirin. A takarda lissafin ba shi da laifi. Matsalarsa ita ce ba ya hawowa inda ruwan ya faro.

Gulbin Sakkwato daga ƙasar Funtuwa yake tasowa, ya bi ta Gusau ya zuba a Bakolori. Ke nan mu mutanen Faskari, da maƙwabtanmu na Ƙanƙara da Sabuwa, a bakin tulu muke zaune. In ka cire madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, waɗanda ruwan shan Funtuwa ne babban aikinsu, noman ranin yankin nan ba na gwamnati ba ne. Na mutum ne da injinsa. Ka shiga fadama a watan Fabrairu ka gani: an haƙa rami a cikin yashin rafi ko an buga 'yar rijiya mara zurfi, an jefa tiyo, inji na kuka, yaro na bin ruwa da fartanya yana buɗe fangali yana toshe wani. Inji mai inci biyu, in yana da lafiya, zai iya jan kimanin kubik mita talatin a awa guda. Babu mita a jikinsa, kuma babu littafin da aka rubuta sunansa.

Wani zai ce ai ɗan lambu ne, me zai rage wa gulbi? To a yi lissafi. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya kubik mita goma ne. Shinkafar rani kan ci milimita dubu ko fiye kafin a yanke ta, wato kubik mita dubu goma a hekta. Alkama da tumatir kamar rabin haka. A ɗauka, don misali kawai, ƙananan manoma sun noma hekta dubu goma na shinkafa a saman kwarin nan. Miliyan ɗari ke nan, fiye da rabin cikin Zobe. Ruwan ƙarƙashin yashin kuwa ba wani ruwa ne daban ba. Shi ne ke tsattsafowa ya riƙe rafi bayan damina, kuma ramin da aka bari a cikinsa sai ruwan farko ya cike shi kafin gulbi ya kawo.

Abu biyu ne suka sa nake ganin duk hasashen da aka ɗora a kan alƙaluman yau zai yi ƙasa da gaskiya. Na farko, tsaro. Shekarun nan 'yan bindiga sun raba mutane da fadamu masu yawa a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Wanda ya auna ruwan da ake ja yanzu, ruwan lokacin tsoro ya auna. Ranar da hankali ya kwanta, Allah Ya kawo mu, kowa zai koma lambunsa, har da 'ya'yan da suka girma a gudun hijira, kuma da bashi a wuyansu. Na biyu, kuɗin mai. Da can fetur ne birki. Manomi kan kashe inji da zarar fangali ya cika, balle bayan cire tallafi a Mayun 2023. Yanzu injin sola na shigowa, gwamnatoci ma rabonsa suke yi. Alheri ne, ban musa ba. Amma wanda rana ke yi wa aiki kyauta ba shi da dalilin kashe inji kafin la'asar.

Mun riga mun ga abin da rashin lissafa na ƙasa ke jawowa. Bayan an datse Bakolori, ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasanta ta ragu, manoman shinkafa da masunta suka ji a jikinsu. A 2018 Goronyo ta janye har ta koma kusan kashi goma cikin ɗari, birnin Sakkwato ya shiga fargabar ruwan sha. Maƙwabtanmu na Maraɗi ma suna da tasu magana a kan Jibiya, domin Gada ce ke zama Gulbin Maraɗi, kuma tana cikin kwaruruka huɗu da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta ce Nijeriya da Nijar su yi rabonsu bisa adalci, su riƙa musayar bayanai. Wane bayani za mu miƙa in ba mu san abin da muke ja ba? Mu ne kuma ke zuba ido a kan madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa sama da Kainji.

Ba haraji nake kira a sa wa mai lambu ba. Da ya ji ƙamshin haraji zai ɓoye injin a ɗaki. Ƙidaya nake nufi. Sarkin noma da mai unguwa sun san kowane lambu da mai shi. A ba malaman gona takarda guda a kowace gunduma, a cike ta tsakiyar rani: inji nawa, na fetur ko na sola, eka nawa, me aka shuka, fadama nawa ce ke kwance saboda tsaro. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta kafa sandar awo a gadojin saman gulbi, ta biya wanda zai karanta ta kowace safiya. Gwamnatin Katsina kuma, duk injin da za ta raba, ta rubuta rafin da za a dasa shi.