Mai Katafila Ya Bar Bencin Sakatariya, Aiki Na Can Ƙauye

Akwai wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu da ya yi shekaru yana tuƙa katafila a wani kamfanin gina hanya. Da aka sallame shi, sai ya haɗa kuɗin sallama da na shanu biyu, ya sayi tsohuwar motar haƙa ƙasa, ya ɗauki yara, ya ce shi ma ya zama ɗan kwangila. Muka yi masa addu'a, muka taya shi murna. To, amma rani guda cur ya wuce motar tana tsaye gindin ɗorawa, kaji na fakewa a ƙarƙashinta, shi kuwa kullum yana kan benci a wata sakatariya, fayil a hammata, yana jiran ciyaman ya fito. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, gama ba shi kaɗai ne ke wannan zama ba a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Ni dai a ganina, ƙaramin mai haƙa da ya ɗora ransa a kan kwangilar gwamnati yana neman abincinsa ne inda ba a ajiye masa ba. Tun lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manyan ayyukan ƙasa na manyan kamfanoni ne. Haka aka yi da sabunta hanyar Kano zuwa Zariya, haka kuma da layin dogo na Kano zuwa Kaduna da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021. Mai mota guda, in ya yi sa'a, sai a ba shi lodin burji na 'yan makonni. A ƙaramar hukuma kuwa, bayan takardar rajistar kamfani da ta haraji, sau da yawa akan tambayi wani abu da ba a rubuta shi a takarda, wanda kuma mai bi bai kamata ya miƙa ba. Ko an ba ka aikin, biya sai ka yi ta sintiri. Na san Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Madalla. Amma kada kowa ya ci bashin man gas saboda wannan hukunci. A ajiye takardu daidai, a leƙa allon sanarwa jefi-jefi, sai a kama hanyar ƙauye.

Ku dubi ƙasar da Allah ya zaunar da mu. Doguwa da Tudun Wada sun fi sauran sassan Jihar Kano samun ruwan sama. Ruwan nan yana gangarowa ta rafuka ya faɗa Kogin Kano, ya taru a Tiga, daga nan a kai shi arewa, masu noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure su sha moriya. Mu da ruwan ya ratsa ta bayan gidajenmu, da watan Maris ya kama sai mata su riƙa tonon yashi a busasshiyar ƙorama, shanu kuma su yi tafiyar rabin yini kafin su sha. Nan aikin yake: ƙaramar madatsa ta ƙasa, yashe tafkin da laka ta cike, ramin kiwon kifi, magudanar ruwa a fadamar shinkafa, cike kwazazzabon da ke cin gona, gyaran hanyar da motar masara ke maƙalewa, haƙa wurin kwalbati da harsashin gini. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a buga a jarida. Sai an taka.

Wa za a tambaya? Direbobin tifa tukuna, domin su ne kan fara jin inda za a yi gini. Sai magina da masu buga bulo. Sai dagaci da mai unguwa, da arɗon Fulani, da shugabannin ƙungiyoyin manoma waɗanda suka yawaita tun shirin Fadama na shekarun 1990. A je musu da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da kuɗin masara da shinkafa ke hannu, domin a tsara aikin rani tun da wuri. Wanda ya bari sai Afrilu zai tarar aljihu ya koma wajen taki. Tun da yake ɗaukar katafila a kan babbar mota na cin kuɗi ƙwarai, hikima ita ce a jera ayyuka uku ko huɗu a kan hanya ɗaya, alal misali daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, a raba musu kuɗin ɗauka. Kada kuma a yanka farashi sai an sa lebura ya gwada wurin da diga, musamman wajen Riruwai, inda dutse ke kwance ƙarƙashin ƙasa. Da na ambaci Riruwai, bari in ja kunne: masu neman kuza ba tare da lasisi ba za su zo da kuɗi a hannu. A guje su, a kuma guji shiga dajin Falgore da mota, don in hukuma ta kama ta, jari ya tafi gaba ɗaya.

Yanzu sai in juyo gare mu, 'yan'uwa cikin Kristi, kuma a nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Babu wurin da labarin aiki ke taruwa kamar bakin majami'a bayan sujada. Fasto da mai bishara sun san ƙauyen da rijiyarsa ta ƙafe, Zumuntar Mata ta san inda mai naƙuda ta kasa ƙetare rafi. Da za mu riƙa isar da wannan labari ga masu sana'a a cikinmu, da motar ɗan'uwan nan ba ta yi tsatsa ba. Amma me muke yi? Sai mu kira shi ya haƙa harsashin sabon ɗakin sujada, ya gama, dattijo ya tashi ya ce aikin Ubangiji ne, a yi masa tafi. Mai gidan mai ba ya karɓar tafi. In mutum ya ga dama ya ba da aikinsa baiko, wannan tsakaninsa da Allah ne, amma mu ƙwace masa da sunan zumunci, wannan zalunci ne. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a ba da kafin alƙalamin da zai sayi mai, a kuma faɗi ranar cikawa.

Shi ma mai haƙa kada ya tsaya ga Kirista kaɗai. Yawancin masu ba shi aiki maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma sunansa zai yi tafiya ne bisa ga abin da ya bari a baya. Ramin da aka bari da miƙaƙƙen baki, ruwa ya cika shi da damina, kabarin yara ne. A kwantar da bakinsa. Kafin a sa haƙori a ƙasa kuma, a zauna da manoma da makiyaya a san wanda zai sha da ta inda shanu za su bi. Littafin Farawa sura 26 ya ba mu labarin rijiyoyin da bayin Ishaku suka haƙa, biyu suka zama abin faɗa da makiyayan Gerar, sai a ta uku aka sami sarari.

Ɗan'uwan namu daga baya ya sami aikinsa na fari ta bakin wani direban tifa, wato yashe tafki ga wani arɗo, wanda ya biya shi ranar da ya gama. Kuɗin harsashin majami'ar nan kuwa har yau yana bi. Na roƙi a sa maganar cikin ajandar taron dattawa na wata mai zuwa.