Likitan Littafinmu Kullum Namiji Ne

'Yan uwana ɗalibai, ku ɗauko littafin Turanci na ƙannenku 'yan firamare, ku duba hotunan ciki. Wa aka zana da farar rigar likita? Wa ke tuƙa mota, wa ke riƙe da tsintsiya? A yawancin tsofaffin littattafan da ke yawo a hannunmu, baba yana ofis, mama tana bakin murhu, yaro yana buga ƙwallo, yarinya tana ɗebo ruwa. Girki ba abin raini ba ne, ba don tukunyar gida ba da babu mai zuwa aji da ƙarfinsa. Matsalar ita ce yarinya ta shekara shida tana kallon hoto iri ɗaya, har ta ɗauka iyakarta ke nan.

Gwamnatin Tarayya ta san da haka. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta fitar da manufa kan bai wa 'ya'ya mata da maza dama ɗaya a ilimin matakin farko, kuma hukumar NERDC ce ke tsara manhajar da ake rubuta littattafanmu a kanta. Ina goyon bayan wannan gyara. Sai dai manufa tana Abuja, littafin da ya yage kuma yana jakar ɗalibi, wa ya gada daga ya, ƙani ya gada daga wa.

Wasu na cewa duk wannan aƙidar Turawa ce. To, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baturiya ce? Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato malamai mata, ke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata. Ta rasu a 1864, tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Ga Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda aka ɗaure sau da dama tana fafutukar mata su samu 'yancin jefa ƙuri'a a Arewa. Ga Ladi Kwali maginiyar tukwane, hotonta yana bayan naira ashirin, amma ɗalibai nawa ne a cikinmu suka san sunanta? Waɗannan namu ne, littafi ne ya manta da su.

Malamanmu kuma, da girmamawa, akwai abin da ba sai an jira sabon bugu ba. In ana lissafi, a riƙa kiran sunayen mata su fito allo kamar yadda ake kiran maza. A jadawalin shara, tsintsiya ta zagaya kan kowa.

Mu ma kowane aji ya zaɓi littafi ɗaya, ya ƙirga mata nawa da maza nawa aka zana, da aikin da kowa ke yi, ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida mu manna a wannan allo kowa ya gani.