Ɗiyan itacen daji: a koya wa yara, kada a hana su

A Badar Gula, cikin ƙasar Dakoro, daji yana ciyar da mutane. Da sanyi ya shigo, magariya da aduwa suna nuna. Ƴan makaranta da yara masu kiwo suna cika aljihu da su. Mata kuma suna daka magariya su yi akuri.

Amma ba kowane ɗan itace ake ci ba. Zaƙami yana fitowa bisa juji, kusa da gida. Ɗansa yana da ƙaya, ƙwayarsa tana juya hankali, tana iya kisa. Ƙwayar zurma ma guba ce. Tumfafiya da aguwar shinge suna da farin ruwa kamar nono. Idan ya shiga ido, yana ƙona shi.

Saboda haka waɗansu iyaye suna hana yara cin kome a daji. Tsoronsu yana da dalili. Sai dai hani bai isa ba. Yaron da ya wuni bayan awaki, wa zai tsare bakinsa? Wanda ya san itace da sunansa, da ganyensa, da lokacin nunarsa, shi ne ya tsira.

A dubi anza. Idan ɗanta ya nuna ya yi rawaya, ana tsotson zaƙinsa. Ƙwayar kuwa ɗaci gare ta, tana ɓata ciki. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana sake ruwa, sa'an nan a dafa. A yunwar 1984, anza ta riƙe gidaje da yawa. Waɗanda suka iya gyaranta su ne suka ci lafiya. Da tsofaffi ba su koya wa ɗiyansu ba, da me za a ci?

Yara suna cewa: « Abin da akuya ta ci, mutum ma ya ci. » Wannan kuskure ne. Cikin akuya dabam, na mutum dabam. Kyaun launi ma ba shaida ba ne.

Ya kamata makaranta ta gayyaci tsofaffin gari su nuna wa yara itatuwa ɗaya ɗaya. Yaron da ya tsinci abin da bai sani ba, ya kai shi gida ya tambaya. Wanda ya riga ya ci, a kai shi likita nan da nan, tare da sauran abin da ya ci.

Matambayi ba ya ɓata.