Taron Masana Noma: Wa Ke Magana Da Wa?

Jama'a, kowa ya san yadda taron masana noma yakan tafi. Malaman bincike su zauna gefe guda, malaman gona gefe guda, manoman da aka gayyato daga Zango da Baure da Sandamu kuwa can baya kusa da ƙofa. A yi jawabi, a tafa, a ci abinci, kowa ya nemi wanda ya sani tun da. Sai a watse, mai binciken ƙuduji bai gaisa da wanda ƙuduji ya cinye wa dawa ba.

To, akwai maganin wannan, kuma ba shi da tsada. Kafin ranar taro a tambayi kowa: in shukarka ta lalace, wa kake zuwa wurinsa shawara? Sai a sa ɗigo a takarda maimakon kowane mutum, a ja layi daga mai tambaya zuwa wanda ake tambaya. Wani likita a Amurka, Jacob Moreno, shi ya bayyana irin wannan zane cikin littafinsa a 1934. Yau kwamfuta ke yin lissafin, amma na ƙauye guda allo da alli sun isa. Nan take za a ga wanda layuka suka taru a kansa, da wanda ba ko ɗaya, da kuma mutum guda wanda in ya tashi, ƙungiya biyu sun rabu ke nan.

Kada a ce wasan yara ne. An gwada a ƙauyuka 200 a ƙasar Malawi, aka buga sakamakon a 2021. Abin da aka koyar shi ne shuka cikin rami, irin tassa ta mutanen Tawa. Inda aka zaɓi manoma biyu bisa wannan zane aka koya musu, dabarar ta fi bazuwa bisa inda malamin gona ya zaɓa da kansa. Dalili kuwa, manomi ba ya sake al'adar gonarsa don maganar mutum ɗaya, sai ya ji daga baki biyu ko uku.

A ƙasar Daura wa zanen zai nuna? Ni dai ina zaton ba mai babbar riga ba ne. Dillali ne na kasuwar Mai'aduwa, wanda kowace Lahadi yakan zauna da mutanen Nijar, ya ji yadda suke barin gawo ya tofo a gona. Ko mai sayar da iri. Ko wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da matan unguwa ke tambaya wace gyaɗa ta fi mai. Su wa ke aika musu takardar gayya?

Ban ce a taɓa kujerar hakimi ba, girma na masu shi ne. A bar safiya ga jawabi. Amma bayan azahar a raba mutane goma goma, a haɗa malamin Samaru da dillalin nan da manomin da ba mai tambayarsa, a ba su magana guda, misali ƙwarin wake a rumbu. Takardar sunayen kuwa a ɓoye ta, kada ta faɗa hannun 'yan siyasa.

In kaka ta zagayo a sake tambayar, a ƙirga sababbin layukan da suka fito tsakanin Samaru da Baure.