Mangwaron Kazaure bai kamata ya ƙare a juji ba

Duk bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, idan ka ratsa lambunan Kazaure ko na Roni, za ka tarar da mangwaro zube a ƙarƙashin itace, ƙuda na binsa. Mai lambu ya kai kasuwa, farashi ya faɗi, rabin kwandon ya ruɓe.

A Turai, mai lambun da 'ya'yan itacensa suka yi yawa yakan dama giya da su. Mu addini ya hana mu, jiharmu ta Jigawa kuma ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000. Amma ai hani bai ce a bar arziki ya lalace ba.

Gwaggona takan feraye nunannen mangwaro, ta markaɗa, ta tace a rariya, ta zuba citta da kanumfari. Ranar ake shanye shi, domin idan ya kwana cikin zafi sai ya fara kumfa. Saura kuwa ta yanka sirara, ta shanya a faranti ta rufe da raga, su kai damina.

Ina kira ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ta koya wa matan Babura da Gwiwa wannan sana'a, da kayan busarwa masu araha.