Kafin Mu Ruga Wurin Mai Gyara

'Yan'uwa ɗalibai, hunturu ya kankama, ga kuma lokacin rubuta kundin digiri ya zo. A irin wannan lokaci ne kuka yake yawaita cewa madannan laftof sun ƙi aiki. Abin takaici, da zarar harafi ɗaya ya ƙi fita sai mu nufi kasuwa, mai gyara ya ce sai an canza kibod ɗungurungum, mu miƙa kuɗin abincinmu ba tambaya. Anya wannan ya dace da masu neman ilmi?

Sau da yawa ba abin da ya lalace. In muka danna U, I, O muka ga 4, 5, 6, to Num Lock ne a kunne. In haruffa suna nawa, wataƙila mun danne Shift na dama har daƙiƙa 8, Windows ta kunna Filter Keys. Kashe shi ne magani. Saura kuwa ƙura ce da ɓarɓashin ƙuli-ƙulin da muke ci a kan na'urar (kowa ya san kansa). Mu kashe ta, mu kife ta, mu share da burushi mai laushi.

In abin ya faskara, mu ari kibod na USB mu jona. Muddin ya yi aiki, ciwon bai wuce madannai ko siririyar wayar da ta haɗa su da cikin na'ura ba, kundinmu yana nan lafiya, rubutu ya ci gaba. Shayi ne kaɗai ba a yi wa jinkiri: in ya zube, a cire caja, a kashe nan take, a kife, sannan a nemi mai gyara.